Kafin ka ba kafinta aikin teburin taro

Ka fara zana girman teburin a ƙasan ɗakin da alli, ka jera kujerun a gefen zanen, sannan ka zauna ka ja kujera baya.

A takarda komai yana shiga. A ɗaki kuwa sai ka ga bayan kujera ya manne da bango. Bar wa kowane mutum kamar santimita 70, bayan kujera kuma mita 1 don mai wucewa.

In kafet ne, sa salatif maimakon alli.

Amma zanen ba ya auna ƙofa da matakalar bene. Namu teburin sai da aka yanka shi a waje, abin takaici. Ka ce a yi maka shi gida biyu, a haɗa a ciki.