Idan bidiyo na sarƙewa a laftof da zarar ka cika allo

Masu laftof ɗin gwanjo sun san wannan ciwon kan, musamman ɗaliban Samaru da Kongo a Zariya da ke kallon darasi a YouTube. Bidiyo na tafiya lafiya lau yana ɗan ƙarami, kana cika allo da shi sai ya fara tsalle-tsalle, murya na gaba hoto na baya. Kafin ka ɗora wa sabis laifi ko ka kwashi laftof ɗin zuwa PZ wajen mai gyara, fara gano inda matsalar take tukuna.

Buɗe wani bidiyo da ka riga ka sauke a cikin laftof ɗin ka cika allo da shi, in shi ma yana sarƙewa to babu ruwan data. A YouTube kuma ka danna maɓallin dama na linzami a kan bidiyon ka zaɓi Stats for nerds, ka duba inda aka rubuta dropped, wato hotunan da injin ya kasa nunawa, in lambar na ta hawa to injinka ne ya gaza. In kuwa zoben nan ne ke ta juyawa a tsakiyar allo, sabis ne.

Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne YouTube na kan Auto, kana cika allo sai ya ɗaga bidiyon zuwa 1080p da kansa, alhali yawancin tsofaffin laftof ɗin nan allonsu 1366x768 ne, ba zai ma iya nuna maka 1080 ɗin ba, wahala kawai kake ba injin kuma kana ƙona data a banza. Mayar da shi 720p da hannunka. Wallahi sau tari nan maganar take ƙarewa.

Sai batun caji. In an ɗauke wuta kana kan batir, Windows na rage wa injin ƙarfi don cajin ya daɗe, a Windows 10 ma Battery saver na kunna kansa da zarar batir ya sauko kashi 20. Jona caja ka sake gwadawa.

In har yanzu yana yi, shiga Settings na Chrome, sai System, ka nemo graphics acceleration. In a kashe yake kunna shi ka rufe Chrome ka sake buɗewa. In kuma a kunne yake, kashe shi ka gani, don wani lokaci direban hoto, wato manhajar da ke tafiyar da hoto a allo, shi ne ya tsufa, sai ka sauko da sabo daga shafin kamfanin laftof ɗin ko na Intel. Akwai kuma wani ɗan ƙari na Chrome mai suna h264ify, yana sa YouTube ya turo maka bidiyo a tsarin H.264 maimakon tsarin VP9 ko AV1 da tsofaffin injina ke shan wuya a kansu. Haka fim ɗin da aka tura maka a filash, in ka ga x265 ko HEVC a sunansa kuma farosesar Intel ɗinka ba ta kai ƙarni na 6 ba, nemi na x264 kawai.

In kuwa bidiyon na farawa lafiya sai bayan ɗan lokaci ya lalace, fanka na ta ihu, zafi ne. Ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska, ga zafin Afrilu, kai kuma ka ɗora ta a kan katifa. Sa ta kan tebur ko faranti, ka kai a buɗe a busa mata ƙurar, a sake mata man nan da ake shafa wa farosesa.