Goliyat da Hakulis: inda ake tafka kuskure wajen gwada ƙwarin nan biyu

Mai son sanin wanda ya fi girma tsakanin ƙwaron Goliyat na Afirka da ƙwaron Hakulis na nahiyar Amurka yakan ɗauko abin awo ya yanke hukunci nan take. Matsalar daga nan take farawa. Namijin Hakulis kan kai santimita 17, amma kusan rabin tsawon nan ƙaho ne. Goliyat ba ya wuce santimita 11, sai dai jikinsa curarre ne mai kauri. Saboda haka a auna jiki daban, ƙaho daban, a kuma faɗi ko tsawo ake nufi ko nauyi. Macen Hakulis ma ba ta da ƙaho sam, tsawonta santimita 5 zuwa 8 ne, don haka a gwada namiji da namiji, mace da mace.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na nauyi. Giram 100 da ake yawan jinginawa Goliyat nauyin tsutsarsa ne in ta ƙoshi. Bayan ya rikiɗe ya yi fuka-fuki, nauyinsa kan ragu zuwa wajen rabin haka.

Haka batun abinci. Da yake danginsu ɗaya da buzuzu, wasu na zaton kashin dabbobi suke ci. Ba haka ba ne. Manyansu duka biyu 'ya'yan itatuwa da suka nuna da ruwan da ke tsatsowa daga jikin bishiya suke sha, har mutum ya ɗauka cimarsu ɗaya. Sai a tsutsa bambancin ke fitowa. Tsutsar Hakulis ruɓaɓɓen itace take ci a hankali, tana iya shafe shekara biyu kafin ta rikiɗe. Ta Goliyat kuwa cikin 'yan watanni take girma, kuma tana bukatar abinci mai gina jiki sosai, shi ya sa masu kiwonta ke ba ta abincin karnuka ko na kyanwa.

Wajen mazauni, "daji" kawai bai isa ba. Hakulis na dazuzzuka masu yawan ruwan sama ne daga kudancin Meziko zuwa Bolibiya da wasu tsibiran Karibiyan. Goliyat kuma ba iri ɗaya ba ne, jinsi ne mai rassa. A ambaci wanda ake nufi, kamar Goliathus goliatus na dazuzzukan Kamaru, Kongo da Yuganda.