Yadda ake fita gudun daji da ƙungiya ba tare da an bar kowa a baya ba

Mutum 15 za su tashi tare da sassafen Asabar, ana raha ana dariya. Kafin a cika minti 40 sun kasu gida uku: masu sauri sun ɓace a gaba, na tsakiya sun tsaya a mararraba suna gardamar dama za a bi ko hagu, sabon shiga kuma yana can baya shi kaɗai yana haki, ya riga ya ƙudura ba zai sake zuwa ba. Kusan duk fitar kulob ɗin 'yan gudu da ta watse, ta nan ta watse. Don haka idan kai ne aka ɗora wa jan mutane, yawancin aikinka shi ne riƙe su wuri ɗaya.

Zaɓen hanya

Kada ka auna gudun daji da kilomita kaɗai. Kilomita 10 a kan kwalta daban, kilomita 10 a turbar da ke hawa tudu tana gangarawa kwari daban. Akwai lissafi mai sauƙi da ƙungiyar gudun daji ta duniya, ITRA, ke auna wahalar tsere da shi: kowace mita 100 ta hawa a ɗauke ta kamar ƙarin kilomita 1. Hanya mai kilomita 10 da hawan mita 400 ta zama 14 ke nan. Sai ka ɗauki saurin wanda ya fi kowa jinkiri a cikinku. In minti 7 yake cin kilomita a shimfiɗaɗɗiyar hanya, 14 sau 7 ya ba ka minti 98, ka ƙara tsaye-tsaye da jira, kun doshi awa 2. Abin da za ka rubuta a sanarwa ke nan: awa 2, hawan mita 400, akwai duwatsu. Wanda aka ce masa kilomita 10 kawai zai zo da ruwan awa ɗaya, ya kuma yi wa wani alkawarin haɗuwa da hantsi.

Jagora ya bi hanyar da ƙafarsa cikin makon da za a fita. Taswira ba za ta gaya maka itace ya faɗi ya tare turba ba, ko rafi ya cika, ko mai fili ya sa shinge. Ka sauke fayil ɗin hanyar, wato GPX, a wayarka yadda zai buɗe ko babu sabis, ka kuma tura wa aƙalla mutum biyu. Manhajojin waya irin su Strava da Komoot duk suna wannan aiki. Ga ƙungiyar da ke da sababbi, ni a ganina hanyar da za a je a dawo ta kanta ta fi ta kewaye, domin duk inda abu ya faru kowa ya san hanyar komawa. In kewaye za a yi, a san wurin da za a iya yankewa a gajarta.

Kayan da kowa zai zo da su

Takalmi ne kan gaba. Na gudun daji yana da haƙora a ƙasansa, masu tsawon milimita 4 zuwa 6 sun isa kusan kowace ƙasa, sai dai in laka ta yi yawa. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, in ba haka ba gangara za ta riƙa buga farce da gaban takalmi har ya yi baƙi ya fita. Sabon takalmi ba ranar doguwar fita ake buɗe shi ba. Safar auduga kuwa tana shan gumi ta riƙe, ita ce uwar bororo.

Ruwa: rabin lita zuwa kusa da lita ɗaya a kowace awa, gwargwadon zafi da yawan gumin mutum. A sha kaɗan kaɗan. Ɗirkar ruwa fiye da kima shi ma haɗari ne, yana tsarma gishirin jini. Idan fitar ta wuce awa ɗaya da rabi, a zo da abin ci mai sukari ko sitaci, kimanin giram 30 zuwa 60 a awa, a fara ci tun ba a ji jiri ba. Sai waya mai caji da usur. Usur ɗin nan dole ne, ya fi ihu nisa, ba ya kuma cin murya. Agogon da ke nuna hanya abin sha'awa ne, amma sabon shiga kada ya kashe kuɗinsa a kai tun bai san ko zai ɗore ba. Ya sa kuɗin a takalmi. In tsauni za a hau, a tuna sanyi na ƙaruwa kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000, riga mai tare iska ta shiga jaka. Bandeji, filasta, maganin wanke ciwo da bargon leda na gaggawa suna wurin mai rufe baya, wato wanda aka ɗora wa zama a bayan kowa.

Minti biyar kafin tashi

A tsaya da'ira, a ƙirga, kowa ya ji adadin. Sababbi su faɗi sunansu. Mai asma, ko ciwon sukari, ko wanda harbin ƙudan zuma ke kumbura shi, ya gaya wa jagora a gefe, ya kuma nuna aljihun da maganinsa yake. A faɗi lokacin juyawa: misali ƙarfe 8 da rabi ana juyowa, an kai ƙololuwar tudun ko ba a kai ba. Wani da ba ya cikin tafiyar ya san inda kuka nufa da lokacin da ya kamata ku dawo.

Riƙe mutane a kan turba

Nan ne aikin yake. Ana bukatar mutum biyu tun farko: jagora a gaba, wanda babu mai wuce shi, da mai rufe baya, wanda babu mai zama bayansa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ba wanda ya fi kowa rauni rufe baya, tunda dama can yake. Wannan juya abin ne. Mai rufe baya gogagge ake so, mai haƙuri, wanda ya san hanya, wanda zai iya zurawa da gudu ya kamo jagora in ta kama. A riƙa karɓa-karɓa kowane mako, don babu mai son ya dawwama a baya.

Sai dokar mararraba. Duk inda turba ta rabu biyu, komai bayyanar hanyar a idon jagora, ba a wucewa haka nan. Abin da ya fito fili ga wanda ya bi sau goma, ga baƙo mai kallon ƙafarsa ba ya nan sam. Dabara biyu ce. Ko dai kowa ya tsaya a mararrabar har na ƙarshe ya iso, ko kuma jagora ya ajiye wanda ke biye da shi a wurin, ya tsaya yana nuna wa mutane hannu, kada ya motsa sai ya ga mai rufe baya da idonsa. Ta biyun ta fi daɗi ga masu sauri, tunda daga nan sai su zura su kamo gaba. Amma tana rushewa da zarar mai gadin ya ƙosa, ya ce ai kowa ya wuce, ya tafi. Ya tsaya ko da minti 10 ne.

Ga wani abu da ke kore sababbi fiye da komai, kuma masu yinsa ba su ma san suna yi ba. Na gaba sun iso, sun sha ruwa, sun huta minti 4. Na ƙarshe na isowa, numfashi ko daidaita bai yi ba, sai jagora ya ce to mu je. Ka ga waɗanda ba su gaji ba su ne suka huta, wanda ya fi kowa bukatar hutu bai samu ko daƙiƙa 10 ba. Tsayawa ta gaba zai iso a makare fiye da da, ta bayanta ma haka, har ya fara jan ƙafa, daga nan sai tuntuɓe. Hutu yana farawa ne daga lokacin da na ƙarshe ya iso. A ba shi minti 1 zuwa 2, ya sha ruwa, ya iya magana jimla guda ba tare da yankewa ba. Kuma kada a tambaye shi ko ya shirya a gaban jama'a, kunya za ta sa ya ce e. Mai rufe baya ne zai ɗaga wa jagora hannu.

Masu sauri da jira ya dame su, su juya su koma wurin na ƙarshe su taho tare. Sun samu ƙarin tazara, shi kuma ya samu 'yan rakiya.

A kowace tsayawa a sake ƙirgawa da baki. Wanda zai ratse daji don biyan bukata ya gaya wa mai rufe baya, ko ya ajiye jakarsa a tsakiyar turba, don kada a wuce shi yana cikin ganye. Rashin yin haka ne ke sa mutum ya koma bayan mai rufe baya ba wanda ya sani. Wanda ya ga ya ɓata ya tsaya inda yake, ya busa usur. A yarda da alama tun a wurin tashi: busa uku a jere na nufin ina neman taimako. Ci gaba da tafiya da fatan cin karo da mutane shi ke mayar da ɓatan mita 200 ya zama na kilomita 3. Wanda ya gaji zai koma, ba ya komawa shi kaɗai.

Idan jira a kowace mararraba ya fara wuce minti 5, ƙungiyar ta yi faɗi. Mako mai zuwa a raba ta biyu, kowane ɓangare da jagoransa da mai rufe bayansa. Fiye da mutum 12 a hannun jagora ɗaya a siririyar turba ya yi yawa. Ƙasa da 4 kuma a wuri mai nisa ya yi kaɗan, domin in wani ya ji ciwo ana so ɗaya ya zauna da shi, biyu su je neman taimako.

Gudun kansa

A bar tazarar taku uku zuwa huɗu tsakanin mutum da na gabansa, don ya ga ƙasa. Ido ya kasance mita 3 zuwa 5 a gaba. Na gaba ya riƙa faɗin abin da ya gani, saiwa, rami, reshe, na baya su miƙa saƙon. Tudu mai tsini a hau shi da tafiya, ba da gudu ba, hannu a kan cinya, jagora ya fara yin haka don sababbi su san ba abin kunya ba ne. A gangara a gajarta taku a yawaita, kada a jingina baya ana birki da diddige. Abin sa wa a kunne na jin kiɗa a bar shi a gida.

In abu ya faru

Targaɗen idon sawu ne ya fi yawa. Idan mutum ya kasa yin taku huɗu, ko ƙashin da kansa ke zafi in an danna, a ɗauka karaya ce har sai an yi hoto. A ɗaure, a fita da shi ta hanya mafi kusa. Wanda zafi ya sa ya fara rikicewa ko maganar da ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da duk ruwan da ake da shi, a kira taimakon gaggawa nan take. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau, a hana ƙafar motsi a nufi asibiti. Da an ji tsawa a sauka daga kan tudu, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili.

Bayan an dawo a yi ƙirgar ƙarshe kafin kowa ya kama gabansa, a sanar da wanda aka bar wa saƙo. A duba ƙafa da bayan gwiwa ko kaska ta maƙale. Takalmi a wanke lakar da ruwan sanyi, a cire shimfiɗar ciki, a shanya a inuwa, zafin wuta na sakin gam ɗinsa.