Darasi na 9: Raƙumi, Gaiwa da Kaza a Lokacin Zafi

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Sakkwato, Maiduguri da Yamai yakan wuce digiri 40. Mutum sai ya nemi inuwa, ya sha ruwa, ya yi fifita. To, dabba fa? Ɗaliban jami'a masu karatun kimiyyar halittu suna nazarin wannan tambaya. Mu kuma za mu ɗauko abin da suke koya, mu kawo shi garke da akurki.

Da farko a riƙe wannan. Jikin dabba yana haifar da zafi da kansa, saboda abincin da yake sarrafawa da motsin da yake yi. Rana kuma ta ƙara nata a kai. Babbar hanyar rage zafin ita ce ruwa ya fita daga jiki ya bushe. Ku dubi randar ƙasa: bayanta yakan yi naso, iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Aikin gumi ke nan. Sai dai duk sanyin da aka samu ta haka, da ruwan jiki aka biya shi. Dabbar da ke zaune inda ruwa yake da wuya dole jikinta ya iya tattali.

Raƙumi

Mutane da yawa suna cewa ruwa ne a cikin tozon raƙumi. Ba haka ba ne. Kitse ne, guzurin ranar da babu ciyawa. Shi ya sa tozon raƙumin da ya sha yunwa yakan kwanta gefe guda. Tara kitsen a wuri ɗaya yana da amfani, domin sauran jiki bai lulluɓe da kitse ba, zafi yana samun hanyar fita.

Wani masani haifaffen Norwe, Knut Schmidt-Nielsen, ya je Beni Abbas a hamadar Aljeriya a 1953, ya yi ta auna raƙuma safe da yamma. Abin da ya gano ya ba masana mamaki. Jikin mutum yana tsayawa kusa da digiri 37, da ya ɗan hau sai gumi ya karyo. Raƙumin da ke jin ƙishirwa kuwa yakan kwana jikinsa ya sauka zuwa digiri 34. Da rana ta fito sai ya bar zafin ya yi ta hawa har kusan digiri 41 kafin ya fara gumi sosai. In dare ya yi, iskar hamada ta kwashe zafin da ya tara ba tare da ya yi asarar ruwa ba. Ta wannan hanya babban raƙumi yakan adana ruwa kusan lita 5 a rana.

Ƙodarsa ma tana tattali. Fitsarinsa kaɗan ne, mai kauri. Kashinsa a bushe yake fita, har matafiya kan hura wuta da shi. Hancinsa yana tare danshin numfashi kafin ya fita. Yakan rasa ruwan da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, ya ci gaba da tafiya, alhali rabin wannan ma ya isa ya kai mutum bakin mutuwa. In ya isa rijiya kuma, zai iya shanye lita 100 cikin minti goma zuwa sha biyar, hancinsa na huci, cikinsa na tasowa kana kallo.

Gashinsa garkuwa ne daga rana. Da masanin ya aske wani raƙumi, ruwan da yake asara ya ƙaru da kusan rabi.

Duk da haka kada a ce raƙumi ba ya gajiya. Buzayen da ke ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma, su ratsa hamadar Tenere su dawo da kantu, ba a tsakiyar bazara suke tashi ba. Galibi sai bayan damina, raƙuma sun ƙoshi, zafi ya fara sauka. Su ne suka fi kowa sanin iyakar dabbar.

Gaiwa

Gaiwa kifi ce, amma tana da huhu. Ana samunta a fadamun Haɗeja da Nguru da yankin Tafkin Cadi. In ruwa ya fara ƙafewa sai ta kutsa cikin taɓo, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta. Yauƙin ya bushe ya zama kwasfa, ta bar ƙaramar kafa a wajen baki don shan iska. Aikin jikinta duka ya yi ƙasa. Ba ci ba sha, sai naman jikinta take ragewa a hankali har ruwan sama ya dawo. Masu cewa gaiwa jikinta take ci da rani ba su yi ƙarya ba.

Kaza

Nan ne darasin ya shafi aljihu. Jikin kaza yana kusa da digiri 41 ko da lafiyarta ƙalau, kuma ba ta gumi ko kaɗan. In zafi ya dame ta sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta rage cin abinci, ta yawaita shan ruwa. Yawan haki yana rage ƙwarin ɓawon ƙwai, shi ya sa ƙwan bazara yake saurin fashewa. Kajin gidan gona masu saurin girma sun fi na gida wahala, domin jikinsu ya yi nauyi. A Shika kusa da Zariya, cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta samar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown don ta dace da yanayinmu.

Mai kaji ya ba su abinci da sassafe da kuma bayan la'asar, kada ya cika musu mazubi da tsakar rana, domin narkar da abinci ma zafi yake ƙarawa. Ruwa ya zama mai sanyi, a inuwa, a riƙa sauya shi. Jarkar da ta wuni a rana ruwanta ba ya taimakon kaza. In rufin kwano ne, a shimfiɗa ciyawa ko zana a kansa. A rage cunkoso, a bar iska ta ratsa. Kai kaji kasuwa a kwando da azahar ganganci ne, a yi sammako.

Aikin gida

Ku jiƙa tsumma ku naɗe hannu ɗaya, ku tsaya a iska. Wane hannu ne ya fi sanyi, kuma me ya sa? Sannan ku zaɓi dabba ɗaya a gidanku, akuya ko jaki ko kaza. Ku dube ta da hantsi, da azahar, da magariba. Ku rubuta jimla uku a kan inda ta kwanta, yadda take numfashi, da lokacin da ta nemi ruwa. Ku zo da su aji mako mai zuwa.