Darasi na 6: Rataye sandar sitiyari da tsohon konrod

Duk wanda ya taɓa ganin an buɗe injin mota ya san konrod. Shi ne ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf. Kai biyu gare shi: ƙarami a sama, inda fil ɗin fistin ke shiga, da babba a ƙasa, mai rungume karanshaf. Babban kan a rabe yake gida biyu, bol biyu ke haɗa shi da murfinsa. Saboda wannan rabuwar ne masu haɗa tsofaffin motoci da hannu a Amurka suka daɗe suna rataye sandar sitiyari da shi a ƙarƙashin dashbod. A kwance bol, a sa bututun sitiyari (wato bututun waje da ke rufe ƙarfen da ke juyawa), a mayar da murfi, a ɗaure. Shi ke nan.

Awo tukuna

Kada ka ɗauki konrod don kawai ya yi maka kyau a ido. Auna kaurin bututun sitiyarinka, sannan ka auna ramin babban kan. Ga misali da konrod na injin Chevrolet 350. Idan aka cire metal (siririn ƙarfen da ke shimfiɗe a cikin ramin, tsakaninsa da karanshaf), faɗin ramin inci 2.225 ne, wato kusan milimita 56.5. Idan bututun inci 2 ne, milimita 50.8 ke nan. Ka ga akwai rata ta kusan milimita 3 a kowane gefe. Sai a cike ta da zoben alminiyam da aka raba biyu, ko roba mai tauri. Wasu kan bar tsohon metal ɗin a ciki, ratar ta ragu, su ƙara 'yar siririyar roba. Tsumma da kwali ba sa wannan aiki. Za su lanƙwame, sitiyari ya fara rawa.

In bututun ne ya fi ramin kauri, kada ka tilasta shi da guduma. Kai wa masu injin yankan ƙarfe su faɗaɗa ramin, murfin yana ɗaure a wurinsa.

Tsawon konrod shi ke nuna iya saukowar sitiyarin. A wannan na Chevrolet, daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar ɗayan inci 5.7 ne, kusan milimita 145. Zauna a kujera, wani ya riƙe maka sandar a tsayin nan, ka taka birki da kuloci. In gwiwa ta taɓa, nemi wanda ya fi shi gajarta.

Wanke konrod ɗin da kananzir da buroshin waya, ka duba shi a haske. Mai tsaga ko wanda ya lanƙwashe, a ajiye shi gefe. Ka sa alama a murfin kafin ka kwance, domin kowane murfi da konrod ɗinsa, kuma ta fuska ɗaya yake zama daidai.

Inda aikin yake

Konrod ƙarfe ne da aka ƙera don ya jure bugun fistin sau dubbai a minti ɗaya, nauyin sitiyari ba komai ba ne a wurinsa. Abin da ke ba da matsala shi ne wurin da aka ɗaure shi. Falankin dashbod siriri ne, yana yagewa. A ɗaure a jikin ƙarfen da ya ratsa daga gefen mota zuwa ɗaya gefen. A yi wa wannan ƙarfe walda da kunnuwa biyu masu kauri, ƙaramin kan konrod ya shiga tsakaninsu, bol ya ratsa duka ukun. Ramin fil ya kai milimita 23.5, ya fi yawancin bol faɗi, don haka sai an sa bushin ƙarfe, wato ɗan guntun bututu da zai cike ratar. Noti kuwa mai kulle kansa za a sa, don girgizar hanya kan sassauta na gama-gari.

Ka tuna bol ɗaya tilo kan bar konrod ya yi lilo gaba da baya. Dole ƙasan sandar ma ya sami maɗauri na biyu inda ya ratsa bangon da ke tsakanin direba da inji. Kuma bututun waje ake matsewa, ba ƙarfen cikin da ke juyawa ba. Matsewa fiye da kima na lotsa bututun, sitiyari ya yi tauri.

Gwaji: ɗaga gaban mota da jak, ka juya sitiyari har ƙurewa hagu da dama. Sannan ka kama shi da hannu biyu, ka ja sama, ka danna ƙasa. Ko kaɗan kada ya motsa.

Gargaɗi

Tun daga 1968 dokar Amurka ta tilasta wa sababbin motoci sandar da ke lotsewa idan an yi karo, don kada ta soki ƙirjin direba. Maɗaurinta an yi shi ne ya saki da gangan. Irin wannan mota, balle mai jakar iska da ke kumbura ta kare direba idan an yi karo, kada a canja mata maɗauri da konrod.

Aikin gida: auna bututu ɗaya da konrod ɗaya, ka rubuta alƙaluman a littafinka, ka lissafa ratar kowane gefe.