Yadda Ake Binciko Tarihin Gano Sirrin Zazzaɓin Shawara, Da Yadda Ake Tunawa Da Waɗanda Suka Yi Aikin

Duk matafiyin da ya karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa na shaidar allurar shawara kafin ya hau jirgi, da duk jaririn da aka yi wa allurar shawara yana wata 9, sun ci moriyar jinin mutum guda. Sunansa Asibi, ɗan shekara 28. Ranar 30 ga Yuni 1927, a ƙauyen Kpeve da ke ƙasar Gana ta yau, likita Alexander Mahaffy ya ɗebi jininsa yana cikin zazzaɓi. Daga ƙwayar cutar da aka samu a jinin nan aka yi allurar 17D, wadda duniya ke amfani da ita har gobe. Asibi ya warke ya ci gaba da harkokinsa. Likitocin da suka yi aikin an gina musu cibiyoyi an ba su lambobin yabo, shi kuwa da wuya ka sami wanda ya san sunansa, ko a cikin ma'aikatan lafiya.

A 2027 wannan al'amari ke cika shekara 100. Malamin makaranta, ɗan jarida, ɗalibin jami'a ko jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, kowa na iya tono wannan tarihi ya kuma raya shi. Ga yadda ake yi.

Mataki na 1: Ka ɗauki tambaya guda, ƙarama

Labarin yana da rassa da yawa, wanda ya ce zai rungume su duka ba zai gama ko ɗaya ba. Akwai reshen Kyuba, inda aka tabbatar sauro ne ke yaɗa cutar. Akwai na Legas da Akra, inda aka kama ƙwayar cutar kanta. Akwai kuma na annobar da ta faɗa wa jama'a: Duwatsun Nuba a Sudan a 1940, yankin Jos a 1969, Oju ta jihar Binuwai a 1986, Alkaleri ta jihar Bauchi a 2019. Ka rubuta tambayarka a layi ɗaya, misali: su wane ne 'yan ƙasa da suka yi aiki a ɗakin gwajin Yaba da ke Legas? Ko: yaya garinmu ya kasance a shekarar annoba?

Mataki na 2: Ka ja jadawalin shekaru kafin komai

Ka sami babbar takarda ka liƙa a bango, ka jera abin da aka tabbatar. A 1881 likitan Kyuba Carlos Finlay ya bayyana a Habana, babban birnin ƙasar, cewa wani nau'in sauro ne ke ɗaukar cutar daga mutum zuwa mutum. Kusan shekara 20 ba a saurare shi ba. A 1900 tawagar sojan Amurka, Walter Reed da James Carroll da Jesse Lazear da Aristides Agramonte, ta gwada maganarsa da ƙwan sauron da shi Finlay ɗin ya ba su. Lazear ya kamu ya rasu ranar 25 ga Satumba 1900. A 1925 Gidauniyar Rockefeller ta kafa sansanin bincike a Yaba ƙarƙashin Henry Beeuwkes. A 1927 aka sa jinin Asibi a jikin birai da aka kawo daga Indiya, cutar ta kama su, aka kuma nuna cewa ƙwayar bairas ce. A 1937 Max Theiler da abokan aikinsa suka sanar da allurar 17D, bayan sun yi ta renon ƙwayar a naman ɗan tsakon da ke cikin ƙwai har kaifinta ya dushe. A 1951 aka ba Theiler lambar Nobel.

Duk labarin da ka ji daga baya, ka auna shi da wannan jadawalin. Wanda bai zauna daidai ba, ka ajiye shi gefe tukuna.

Mataki na 3: Ka nemi takardar asali

Abin da ke yawo a intanet galibi wani ne ya kwafa daga wani, kuskure da komai. Kai takardar da aka rubuta a lokacin kake nema. A Najeriya ka fara da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ko Ibadan, da Arewa House. Ka tambayi rahotannin shekara-shekara na sashen lafiya da na larduna. A Gana akwai ma'ajiyar gwamnati a Akra da Tamale. Na ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar, ka duba Yamai da Dakar. Takardun Yaba da yawa suna ma'ajiyar Rockefeller a jihar New York, a can ma akwai hoton Asibi yana zaune. Na Kyuba kuwa suna Jami'ar Virginia, an kuma ɗora da dama a intanet kyauta.

Idan aka miƙo maka fayil, kada ka yi saurin zuwa tsakiya. Ka fara ɗaukar hoton bangon da lambarsa, in an ba ka izini, sannan shafukan. Ka karanta har rubutun fensir da ke gefen takarda. Ka kuma nemi takardar albashi da ta sayen kaya, domin a nan ne sunayen masu kama sauro, masu kula da birai, tafintoci da direbobi suke fitowa. Rahoton kimiyya ba ya ambatar su, amma mai biyan kuɗi dole ya rubuta wanda ya biya. A ganina wannan shi ne ɓangaren da ya fi buƙatar masu bincike daga cikinmu.

Mataki na 4: Ka zauna da dattawa, amma ka tace

Annobar 1969 da ta 1986 suna da shaidu a raye. Ka fara gaida mai unguwa ko dagaci, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izini kafin ka kunna rakoda. Tsofaffin malaman asibiti, duba-gari, unguwar zoma da masu haƙa kabari sun fi kowa riƙe irin wannan labarin.

Sai dai ka sani, ba duk wanda idonsa ya yi rawaya ne ya yi wannan zazzaɓin ba. Ciwon hanta na sa haka, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma na sa haka. Don haka kada ka tsaya a kan "shekarar shawara". Ka ce, "Baba, a wane lokaci ne, damina ko kaka? Mutum nawa a gida ɗaya? An ga baƙin amai? Jami'ai sun zo da allura?" Ka bar shi ya ƙare maganarsa kafin ka sake tambaya. Abin da mutum biyu da ba su haɗu ba suka faɗa iri ɗaya, kuma takarda ta goyi baya, shi za ka rubuta a matsayin tabbas.

Mataki na 5: Ka taka ƙafa zuwa wurin

Gani ya kori ji. Babban misali a nan shi ne Philip Hench, likitan Amurka da ya sami lambar Nobel a 1950 kan wani aiki daban. Ya shafe shekaru yana neman ainihin inda aka kafa Sansanin Lazear, wurin da tawagar Reed ta yi gwaje-gwajenta, a Marianao, wajen Habana, domin mutane sun riga sun saɓa kan wurin. Ya bi waɗanda suka rage daga cikin masu aikin, har da John Moran, ɗaya daga cikin waɗanda suka yarda sauro ya cije su. Ya haɗa tsofaffin hotuna da taswira da abin da shaidu suka tuna, har ya tsaya a kan wani ɗan ɗakin katako da ya kusa rushewa.

A wannan ɗakin ne wasu mutane suka yi dare 20 suna kwana a kan shimfiɗa da tufafin da suka ɓaci da amai da jinin marasa lafiya, ba wanda ya kamu. A ɗaki na biyu, mai tsabta, an raba tsakiya da ragar waya: Moran da ya shiga ɓangaren sauro ya kwanta ciwo, na ɗaya ɓangaren ko ciwon kai. Gwamnatin Kyuba ta gyara wurin aka buɗe shi ranar 3 ga Disamba 1952, ranar haihuwar Finlay.

Ka yi irin haka. Ka buga tsohon hoton, ka tsaya inda kake zaton mai ɗaukar hoton ya tsaya, ka duba tudu, rijiya, tsohuwar bishiya ko harsashin gini.

Mataki na 6: Kada ka share kuskure, kada ka ɓoye ɗaci

Hideyo Noguchi, masanin Japan, ya yi imani cewa bakteriya ce ke haddasa cutar. Bai yi daidai ba. Ya zo Akra don ya kare ra'ayinsa, cutar ta kama shi ya rasu ranar 21 ga Mayu 1928, bayan 'yan kwanaki William Young da ya yi aiki tare da shi ma ya bi shi. An karrama shi da cibiyar bincike mai sunansa a Legon da ke Akra a 1979, kuma ya cancanta, amma mai rubuta tarihi dole ya faɗi duka biyun. Kafin su, Adrian Stokes ya rasu a Legas ranar 19 ga Satumba 1927, bayan ya nemi a yi amfani da jininsa a ci gaba da gwaji.

Haka batun Finlay da Reed: ɗaya ya hango, ɗaya ya tabbatar. Gwaje-gwajen Finlay ba su gamsar ba saboda a lokacin ba a san cewa sai sauron ya yi kimanin kwana 12 bayan ya ciji marar lafiya sannan yake iya harbin wani ba. Ka kuma faɗi cewa a Kyuba waɗanda aka yi gwajin a jikinsu sun sa hannu a takardar amincewa, an biya su dala 100, da ƙarin 100 ga wanda ya kamu, kuma da yawan masu karɓa baƙi ne daga Sifen masu neman abin kai wa baki. Ma'aikaciyar jinya Clara Maass ta rasu a irin wannan gwaji a Agustan 1901.

Mataki na 7: Ka shirya tunawar

Ba sai an gina gunki ba. Allon ƙarfe a bangon asibiti ko makaranta ya isa, da Hausa cikin boko da ajami, da Turanci ko Faransanci. A sa suna, shekara da abin da mutum ya yi, a gajarce, sunan ɗan ƙasa kusa da na Bature da harafi mai girma ɗaya. Ka nemi amincewar hukuma da mai gari tun da wuri, ka kuma ba masanin tarihi da likita su duba rubutun kafin a kai wa maƙeri, domin abin da aka sassaƙa gyaransa da tsada. Sunan marar lafiya daga garinku kuwa, sai da yardar iyalansa.

Ka zaɓi ranar da ke da dalili, kamar 30 ga Yuni. Ka kai labarin gidan rediyo mako guda kafin taron. A ranar, ka nuna wa yara sauron kansa, baƙi mai ratsin fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke ƙwai a randa da tulu da tsohuwar taya. Ka yi magana da sashen lafiya na ƙaramar hukuma su zo da allura, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2013 cewa guda ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Bayan taro, ka kwafi hirarrakin da hotunan takardun gida uku: ɗaya ga ɗakin karatu na jami'a mafi kusa, ɗaya ga fadar garin, ɗaya ga iyalan waɗanda suka ba ka labari.