Idan Tsohon Injin Kwale-kwale Ya Yi Zafi Ko Yana Yoyon Mai

Injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake gani a bakin ruwan Yawuri da Baga, da ruwan da yake tafiya a kai yake shan sanyi. Don haka da ka tayar da shi, fara duba fitsarinsa, wato siririn ruwan nan da ke tsartowa ta baya. Idan babu, kashe nan take.

Kada ka yi saurin kwance inji. Sau da yawa zanzaro ne ya yi gini a ramin fitsarin, ko laka ta toshe shi. Tura igiyar fatsa mai kauri, zai buɗe. Sannan ɗaga ƙafar injin ka duba ragar shan ruwa da ke sama da farfela, domin leda da kainuwa nan suke maƙalewa.

Idan duk wannan lafiya, to impela ce, robar nan mai fukafukai da ke tura ruwa sama. Yashi yana cinye ta, ajiya tana busar da ita, kuma tayar da inji a tudu babu ruwa yana ƙona ta cikin daƙiƙoƙi. Cire sandar giya, kwance notikan ƙafa, zare ƙafar, buɗe gidan famfon ruwa. Ƙirga fukafukan tsohuwar. Idan ɗaya ya gutsire, nemo guntun, don yakan shige bututun ruwa ya toshe hanya, sabuwar ma ta zama banza. Kula da ɗan ƙaramin makullin ƙarfe da ke riƙe impela a jikin doguwar sandar da ke juya ta (ba sandar giya ba). Idan ya faɗi, sandar za ta yi ta juyawa impela tana tsaye. Wajen mayar da murfi, shafa ɗan giris, ka riƙa juya sandar ta hannun agogo kana dannawa. Mai aiki kullum a ruwa mai yashi ya canza impela duk shekara.

Shi kuwa yoyon fetur, da inji a kashe ake nemansa, ba taba ba ashana kusa. Matsa robar tura mai har ta yi tauri, ka bi tiyo da busasshen tsumma. Idan ta ƙi tauri kuma mai na zuba ta bakin kafireta, allurar fulot ce, wato wadda ke tsayar da mai idan kafireta ta cika, ba ta rufewa, datti ne ko ta cinye. Idan a mahaɗar tiyo yake ɗiga, zoben roban ciki ya mutu. Fulogi ɗaya kullum jiƙe da mai, inji na shan mai fiye da ƙima, wannan alamar fatar famfon mai ta tsage ce. Tiyon da ya fara tsattsagewa a sauya shi gaba ɗaya, ɗaurin roba ba ya riƙe fetur. Wajen saka sabo, kibiyar da ke jikin robar tura mai ta kalli inji.